Na kira uban yaro, sai ya zane shi a gabana: in ci gaba da faɗa ko in yi shiru?

Assalamu alaikum, Inna. Ni malama ce a wani jardan nan cikin garin Zinder, bana shekarata ta biyu da kama aiki. Yara 46 ne a ajina, 'yan shekara huɗu, kuma ni kaɗai ce a kansu. Akwai wani yaro da tun dawowarmu daga hutun Disamba ya tsiri cizo. Sau uku yana cizon 'yan'uwansa, na ƙarshen har ya fasa wa wata yarinya fata a dantse. Da na rasa yadda zan yi, sai na rubuta takardar kira na sa masa a jaka. Washegari ubansa ya zo, ko zama bai yi ba. Ina gama bayani ya zare bel ya zane yaron a ƙofar aji, yara suna kallo, ya ce mini: "Madan, na ba ki wuƙa da nama, in ya sake ki zane shi, kada ki jira ni." Tun daga ranar yaron ba ya yi mini magana. Sau biyu ya yi fitsari a wando, abin da bai taɓa yi ba, cizon kuma bai bari ba, sai dai yanzu yana fakon idona. Uwarsa ban taɓa ganinta ba, ɗan kabu-kabu ke kawo shi. Na dai ji an ce shi ne ɗanta na fari, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. Ita kuma uwar yarinyar da aka ciza ta matsa sai na nuna mata gidansu. Inna, in na faɗa a dake shi, in na yi shiru na ci amana. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Malama, daga Zinder

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ki ladan wannan aiki, ya sanyaya miki zuciya.

Ba ke kika ɗaga bel ba, ki sauke wannan nauyin daga kanki. Amma zan gaya miki gaskiya, tun da ita kika zo nema: hanyar da saƙonki ya bi ta taimaka wajen abin da ya faru. Ki tsaya ki duba takardar nan da idon uban. A garin nan, wa ke aiko wa mutum kombokasiyo? Komisariya, ko gidan shari'a. Ta yiwu ma da Faransanci kika rubuta, sai da ya kai wa wani maƙwabci ya karanta masa, ke nan kafin ya iso wurinki unguwa ta riga ta ji an kira shi lakwal a kan ɗansa. Ya bar sana'arsa, ya taho da kunya fal cikinsa, ya same ki tsaye a ƙofar aji kina lissafa laifi yaro na saurare. A ganinsa tarbiyyar gidansa aka ɗora a sikeli, kuma abu ɗaya ya sani da zai nuna miki shi ba sakaran uba ba ne. Ya yi shi.

Ba ina wanke shi ba ne. Dukan ɗan shekara huɗu da bel a gaban tsaransa zalunci ne, ko da wace niyya aka yi shi. Ina so ne ki san mutumin da za ki sake zama da shi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa jardan a cikin ilimin tushe, amma yawancin iyayen da ke kawo miki 'ya'yansu ba su taɓa zama a jardan ba. Wanda ya yi lakwal a cikinsu daga CI, ajin farko na firamare, ya fara, ya riga ya yi wayo, gaban mushe mai bulala; wanda ya yi allo kuma ya san dorinar malam. Da malama ta ce "ɗanka ya yi kaza", abin da kunnensa ke ji shi ne "ka hukunta shi".

Ni ma na taɓa yin irin taki a farkon aikina. Wata yarinya ce ke ɗauke wa yara ƙosai, na aika gida, washegari ta zo da shatar bulala a ƙafa. Sai bayan watanni na gano ba a ɗora tukunya da safe a gidansu. Har yau in na tuna fuskarta sai na nemi gafarar Allah.

Shiru kuwa kada ki yi. In kika rufe baki, uwar yarinyar can za ta gano gidan da kanta, yara ai ba su riƙe sirri, kuma ranar da ta yi sallama a ƙofarsu da faɗa, dukan da yaron zai sha sai ya fi na ƙofar aji. Ban da haka, rabin labarin yaron nan yana gidansu, ke rabi kawai kike gani daga safe zuwa azahar. Abin da za ki canja shi ne abin da kike ɗauka zuwa gare su. Wancan karon ƙara kika kai. Wannan karon tambaya za ki kai, kuma ga wadda ke da amsa.

Kafin ki je ko'ina, ki ba kanki mako guda kina kallo. Ki ware shafi a kayenki, duk ranar da ya kai wa wani baki ko hannu ki rubuta ƙarfe nawa ne, me ake yi, wa ke kusa da shi, me ya faru gab da abin. Layi biyu sun isa. Ruwa ba ya tsami banza. Cizo abu ne da aka saba gani ga yara daga shekara ɗaya zuwa uku, lokacin da fushi ya riga magana zuwa. Yawanci da baki ya buɗe sai ya ragu. In ɗan shekara huɗu da ba ya yi ya tsire shi rana tsaka, to wani abu ya motsa a rayuwarsa. Kuma ina ganin wasiƙarki ta ɗauko bakin zaren ba ki lura ba: cizo ya fara bayan hutun Disamba, uwa ta haihu ba da daɗewa ba, shi ne ɗan fari. Ki tuna yadda jego yake a gidajenmu. Kwana arba'in uwa na wanka, gida cike da 'yan barka, kowa hannu na kan jariri, shi kuma an ɗauke shi daga shimfiɗar uwarsa an kai shi ɗakin kaka ko na abokiyar zama, wani lokaci ma uwar ta tafi wankan gida ta bar shi. Kowa na ce masa "kai yanzu babba ne". Jaririn ba ya taɓuwa, in ya matsa kusa a daka masa tsawa. To ina zai kai abin da ke cinsa? Sai dantsen wadda ta zauna kusa da shi a tabarma.

Daga nesa nake, ba zan yanke cewa wannan ne kaɗai ba. Akwai abubuwan jiki da nake so ki sa wa ido. Ki tsaya bayansa ki kira shi da murya ƙasa-ƙasa, ki ga ko zai waiwayo; ki duba ko kunnensa na ruwa ko yana yawan sosa shi. Yaron da ciwon kunne ya toshe wa ji yakan zama kamar mai taurin kai, alhali maganar ce ba ta isa gare shi. Ki lura ko cizon ya fi zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da yunwa da zafi suka haɗu. Sai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya, kuma kada a zaunar da shi wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere. Ki auna wannan da bazarar Damagaram, inda ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba, mata na zaman jiran pampo ya kawo ruwa da tsakar dare, ga jariri na kuka. Ki auna shi kuma da ajinki: yara 46 a kan tabarma, gwiwa na gugar gwiwa. In kin ga duk cizon a zaman da ya yi tsawo yake faruwa, to wani ɓangaren maganin yana hannunki tun kafin ki taka ƙofar gidan kowa. Ki kuma bincika wane harshe ake yi masa a gida. Jiharmu akwai Barebari, akwai Fulani, Buzaye da Tubawa, kuma yaron da ake yi wa Faransanci a aji, Hausa a fili, wani harshen a gida, yakan rasa kalmar da zai ce "nawa ne" a daidai lokacin da aka fizge masa abu.

A cikin makon nan kuma ki nemo abu ɗaya mai kyau da yake yi, na gaskiya, wanda idonki ya gani. Ko ya iya jera takalma, ko ya riƙe waƙa, ko shi ke fara ɗauko tsintsiya. Za ki buƙace shi.

Sannan ki tafi gidan. Zumunta a ƙafa take, kuma Allah ya buɗe miki ƙofar da babu wanda zai ce don me: barkar haihuwa. Ki sanar da shugabar makarantarku, ki nemi wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata ta AME ta raka ki, ki kira uban a waya ki gaishe shi ki ce kina so ki zo yi wa maiɗakinsa barka. Kada ki tsallake shi, gidansa ne. Ki riƙe sabulu ko 'yar rigar jariri, ki je bayan la'asar.

A nan ne nake so ki buɗe kunne sosai, domin nan malamai matasa suka fi yin tuntuɓe. Yaron nan ɗan fari ne. Uwarsa ba za ta kama sunansa ba. In kika yabe shi za ta sunkuyar da kai ta yi kamar ba ta ji ba, in kika kawo laifinsa tana iya cewa "ku dake shi mana" ta kau da fuska, musamman in uwar mijinta ko abokiyar zamanta na zaune. Kada ki fito kina cewa matar nan ba ta damu da ɗanta ba. Alkunya ce, kuma sau da yawa wadda ta fi kowa kau da kai ita ta fi kowa kwana da abin a rai. Don haka kada ki tsare ta da tambaya a gaban mutane, kada kuma ki yi ta kiran sunansa kina jiran ta amsa. Ki ce "ɗalibina", ko "yaron nan namu". Wadda bakinta ke sake a kansa ita ce kaka. Ita ke kiransa "maigidana", ita ke tsokanarsa, ita ta san ko ya ci tuwon dare, da wa yake kwana, ko yana firgita cikin barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki zauna kusa da ita, ki gaishe ta da kyau, ki ɗauki jariri ki yi masa addu'a, sannan ki fara da abin kirkin nan da kika gani. Bayan an yi dariya an saki jiki, sai ki ce wani abu kamar haka: "Iya, ni shawara na zo nema. Da can maigidan naki ba ruwansa, amma tun watan nan na ga ransa na saurin ɓaci, har yakan kai wa yara baki. Na ce bari in tambayi waɗanda suka fi ni saninsa. Yaya kuke ganinsa a gida?" Daga nan ki yi shiru ki saurara. Ko shirun ya yi tsawo kada ki cike shi.

Ki kula da bambancin "yaron nan mugu ne" da "ranar Talata, da aka karɓe masa kwalin wasa, ya ciji wadda ta karɓa". Na farko suna ne kika laƙa masa, kuma duk uwa za ta tsaya kare ɗanta ko ta huce a kansa bayan kin tafi. Na biyu abu ne da ya faru, ana iya zama a duba shi tare. In kin samu uwar ita kaɗai, ko da a rakiya ce zuwa zaure, ki roƙe ta abu ƙarami wanda alkunya ba za ta hana ba: in jariri ya yi barci ta zaunar da shi kusa da ita ya ci abinci, ta riƙa aikensa ya miƙo mata zanen goyo, a daina korarsa in ya zo kallon ƙaninsa. In kuma kin ga alamar ciwon kunne ko rama, ki ce a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa. Tun 2006 aka ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ko da wani lokaci sai an sayi magani a waje, shekarunsa ba su wuce ba tukuna.

Uban kuma kada ki yanke shi. Mutumin da ya bar aikinsa ya zo washegarin da aka kira shi, ya damu da ɗansa. Da yawa sai an aika sau uku. Ki fara da aika masa saƙon murya a WhatsApp, da Hausa, ranar da yaron ya wuni lafiya: "Malam, ina wuni. Na ce bari in gaya maka yau ɗanka shi ya taya ni raba alluna, kuma ya yi kyau." Shi ke nan, kada ki ƙara komai. Ki yi haka sau biyu ko uku, don ya daina jin faɗuwar gaba in ya ga lambarki. Bayan nan ki nemi zama da shi a ofishin shugabar makaranta, a ba shi kujera, yaron ba ya wurin, in da hali da wani dattijo daga kwamitin kula da makaranta na COGES wanda yake jin nauyinsa. Ki riƙe maganarsa ta ranar nan, ita ce makaminki: "Malam, ka ce ka ba ni wuƙa da nama, na karɓa, na gode. To ga roƙona. Ka ba ni wata ɗaya. Duk abin da ya faru a lakwal zan gaya maka, ba zan ɓoye ba, amma hukuncinsa ka bar mini, kada a taɓa shi a gida a kansa." Sai ki nuna masa kayenki ba tare da zargi ba: an dake shi ranar kaza, cizo bai tsaya ba, ga fitsari ya ƙaru. Ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya san abin da aka gwada bai ci ba.

Zai iya ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki ce gaskiya ne, shi ya sa kika zo tun yanzu, kuma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi don kada ya tsage. Wa'azi kuwa kada ya fito daga bakinki, ke yarinya ce a idonsa; ki bar wa dattijon. Shi zai iya tuna masa cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko "tir" ba, da kuma amsar da Manzo ya ba mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba: wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa. Kuma ki ba uban aikin da zai maye gurbin bel, don namiji ba ya son a ce masa "bari" kawai a bar shi hannu sake. Ko sau ɗaya a mako ya kawo shi da kansa maimakon ɗan kabu-kabu, ko ya riƙa tafiya da shi masallaci da magariba. Yaron da jariri ya ture daga cinyar uwa, in ya samu bayan babur ɗin ubansa, ya samu wani abu.

Akwai iyaka, kuma dole in faɗe ta. In kika fara ganin tabo a jikinsa, ƙuna, kumburi, ko ya zo yana ɗingishi, wannan ya wuce shawara tsakaninki da gida. Ki rubuta ranar da abin da kika gani, ki kai wa shugabar makaranta a ranar, ita ta san hanyar ofishin kare yara na jiha.

Uwar yarinyar da aka ciza tana da gaskiya, kada ki ɗauke ta mai neman fitina. Ta kawo 'yarta lafiya ta karɓe ta da rauni. Ki same ta ki ce: "A hannuna abin ya faru, ni aka ba amana, ki yi haƙuri. Na raba musu wurin zama, ina kuma magana da iyayensa." Gida kam kada ki nuna, kada kuma sunan yaron ya shiga zauren WhatsApp na iyaye. Nan gaba in aka ciji yaro, ki wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, in fata ta fashe a kai shi asibiti domin cizon mutum yana saurin yin ruwa, kuma ki riga kowa gaya wa uwar. Abin da ya fi ƙona ran uwa shi ne ta tuɓe wa 'yarta riga za ta yi mata wanka ta ga shatar haƙora babu wanda ya ce mata komai.

Na bar yaron a ƙarshe, amma da shi za ki fara gobe da safe. A wurinsa ke ce kika kira bel. Ki durƙusa har idonki ya yi daidai da nasa, ba a gaban yara ba, ki ce masa ba ki ji daɗin dukan da aka yi masa ba, kuma ba kya fushi da shi. Ba zai amsa ba, kada ki matsa. Ki ajiye wando na canji a aji, in ya jiƙe ki canja masa a ɓoye kamar ba komai, duk yaron da ya yi masa dariya ki tsawatar. Ki zaunar da shi inda hannunki zai kai, musamman a lokutan da kayenki ya nuna. In ya kai baki, ki tare, ki ce da Hausa a taƙaice "ba a cizo, cizo da zafi", ki fara lallashin wanda aka ciza, sannan ki zaunar da shi gefenki ya huce. Kada a rama masa da cizo, kada a shafa masa barkono a baki, kada ki bari yara su yi masa waƙar kare. In ya huce ki koya masa abin da zai ce a madadin haƙori: "nawa ne", "ba ni", "Madan, zo ki gani". Ranar farko da ya kira ki maimakon ya ciza, ko kina tsakiyar rubutu a allo, ki ajiye alli ki je.

Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya. Ina so in ji abin da kaka ta ce, da abin da aka gani a kunnen.